Tarihin Dakta Baruch Blumberg, Likitan Da Ya Gano Ƙwayar Ciwon Hanta

Duk wanda ya daɗe a ƙasar Kura da Bunkure ya san irin wannan labari. Magidanci ne a tsakiyar ƙarfinsa, yana noman shinkafa da damina, da rani kuma alkama da tumatir a bakin ruwan da ya taso daga madatsar Tiga. Ba a taɓa ganinsa kwance ba. Sai wata shekara ya fara ramewa, abinci ya fita ransa, idanunsa su koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Kafin a kai amfanin gona gida an binne shi. A wurin zaman makoki waɗansu su ce sammu aka yi masa, waɗansu su raɗa cewa yana shan giya a ɓoye.

Da yawa cikin irin waɗannan mutane ba sammu ya kashe su ba, ba kuwa giya ba. Wata ƙwayar cuta ce da ta shiga jininsu tun suna goye, ta zauna shiru tana cin hanta shekara talatin ko arba'in. Mutumin da ya buɗe hanyar gane wannan ƙwaya shi ne Dakta Baruch Samuel Blumberg. Abin da zai ba ku mamaki, binciken da ya kai shi ga wannan ya biyo ta ƙasarmu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ran 28 ga Yuli 1925 a unguwar Brooklyn ta birnin Niyu Yok a Amurka. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuwa lauya. Sunan nan Baruch shi ne Baruk da muka sani, sunan magatakardan annabi Irmiya, ma'anarsa kuwa mai albarka. Makarantarsa ta fari ta Yahudawa ce, inda ya koyi karanta Tsohon Alkawari da harshen Ibrananci. A can aka koya wa yara su juya magana ɗaya ta kowace fuska kafin su yanke hukunci. Wannan tarbiyya ta bi shi har ɗakin bincike.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga sojan ruwa. Ya gama digirinsa na fari a Kwalejin Union a 1946, ya ɗan taɓa karatun lissafi, sa'an nan ya koma makarantar likitanci ta Jami'ar Kolombiya, inda ya zama likita a 1951. A 1954 ya auri Jean Liebesman, mai zane ce, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu.

Tun yana ɗalibi, a 1950, ya yi 'yan watanni a asibitin wani garin haƙar ma'adinai mai suna Moengo a ƙasar Surinam, Amurka ta Kudu. Mutanen garin asalinsu dabam dabam ne, waɗansu daga Afirka, waɗansu daga Indiya, waɗansu daga Jawa, ga kuma 'yan ƙasa na asali. Sauro ɗaya yake cizonsu, ruwa ɗaya suke sha. Amma cutar tundurmi, wadda take kumbura ƙafa, ta fi kama waɗansu, waɗansu kuwa da ƙyar take taɓa su. Nan ya ɗauki tambayar da ya riƙe dukan kwanakinsa: me ya sa cuta takan kama wannan ta bar maƙwabcinsa?

Zuwansa Nijeriya

Bayan ya yi aiki a asibitin Bellevue na Niyu Yok, inda talakawan birnin suke zuwa, ya tafi Jami'ar Oksfod a Ingila a 1955 domin ƙarin ilimi. A can ya sadu da Dakta Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya. Allison ne ya nuna a 1954 cewa mutumin da ya gāji sikila daga mahaifi ɗaya kaɗai yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Wato bambancin da yake cikin jini tun daga haihuwa yana iya zama dalilin da ya sa cuta ta ka da wani ta ƙyale wani. Su biyu suka yi shawara su nemo ƙarin irin waɗannan bambance-bambance.

A 1957, shekara uku kafin samun 'yancin kai, suka zo Nijeriya. Suka ɗibi jinin mutane daga ƙabilu dabam dabam, har da Fulani makiyaya, suka kuma ɗibi jini da madarar shanunsu. Sun tarar da bambanci cikin sinadaran jinin mutane, har ma cikin madarar shanu. Ba ciwon hanta suke nema ba, ba su kuwa same shi a wannan tafiya ba. Amma daga nan Blumberg ya kama al'adar da ta zama arzikinsa. Duk inda ya je, ko Alaska, ko tsibiran teku, ko Afirka, sai ya ɗebo jini, ya rubuta bayanin mai shi, ya ajiye a cikin sanyi. Abokan aikinsa na ƙasashe da yawa su ma suka riƙa aiko masa. Cikin 'yan shekaru ya tara kwalabe dubbai.

Layi ɗaya a kan gilashi

Daga 1957 zuwa 1964 ya yi aiki a babbar cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Shi da Allison suka yi wani tunani. Mutumin da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa ya karɓi jinin mutane iri iri. In akwai wani sinadari a jinin da aka ƙara masa wanda babu shi a nasa, jikinsa zai ɗauke shi baƙo, ya ƙera masa makami. Saboda haka jinin irin wannan majinyaci zai iya zama ma'aunin gano abin da yake ɓoye a jinin waɗansu.

Gwajin ba shi da wuya. A kan gilashi ake zuba wani abu mai daskarewa kamar kunun da ya huce, a huda masa ƙananan ramuka. A rami na tsakiya a sa ruwan jinin majinyacin, a na gefe a sa na waɗansu mutane. In makami ya gamu da abin da aka ƙera shi dominsa, sai wani siririn layi fari ya fito tsakanin ramukan.

A 1963, yana aiki tare da wani matashin likita mai suna Harvey Alter, irin wannan layi ya fito tsakanin jinin wani Ba'amurke mai cutar da jini ba ya tsayawa, da jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya. Suka sa wa abin suna sinadarin Ostareliya, suka buga labarinsa a 1965. Ba su san ko mene ne ba. Da suka koma kan kwalaben da aka tara, suka ga abin yana da wuyar samu a jinin lafiyayyun Amurkawa, amma yana da yawa a jinin mutanen Asiya da Afirka da tsibiran Pasifik.

Nan Blumberg ya yi kuskure, ya kamata kuwa a faɗa. Da ya ga abin yana bin gida gida, uwa da 'ya'yanta, ya zaci gādo ne kamar sikila. Ya kuma yi zaton yana da dangantaka da sankarar jini. Abin da ya cece shi shi ne bai rufe ƙofa ba, ya ci gaba da gwaji.

A 1964 ya koma cibiyar binciken ciwon daji ta Fox Chase a birnin Filadelfiya. A 1966 wani yaro mai naƙasar da ake kira ciwon Down, wanda aka gwada jininsa tun farko ba a ga kome ba, aka sāke gwada shi sai ga sinadarin. Abin da mutum ya gāda ba ya ɓullowa rana tsaka. Da aka duba hantar yaron aka tarar ta kumbura. A 1967 kuma wata ma'aikaciyar ɗakin binciken, wadda kullum take taɓa wannan jini, ta ji ba ta son abinci, fitsarinta ya yi duhu. Ta gwada jininta da kanta, ta ga layin ya fito. Ciwon shawara ya kama ta, daga baya ta warke.

A shekarar ce Blumberg da abokan aikinsa suka bayyana cewa sinadarin Ostareliya yana tafe da ƙwayar cutar da take kawo ciwon hanta. Manyan masana ba su karɓa nan da nan ba, gama shi ba likitan hanta ba ne, ba kuwa masanin ƙwayoyin cuta ba. Har wata mujallar likitoci ta ƙi buga takardarsa. Amma a 1968 Dakta Alfred Prince a Niyu Yok da Dakta Kazuo Okochi a Japan suka tabbatar da dangantakar ta wurin bincikensu. A 1970 Dakta David Dane a Landan ya ga ƙwayar kanta da madubi mai ƙarfi. Ashe sinadarin Ostareliya rigar ƙwayar ce, wato ɓawonta na waje. Ita ce yau ake kira ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

Gwaji da rigakafi

Tun kafin wannan likitoci sun san akwai shawarar da take bin ƙarin jini da allura, amma ba su da hanyar gane jinin da yake ɗauke da ita. Yanzu hanya ta samu. A farkon shekarun 1970 aka wajabta gwada duk jinin da za a ƙara wa mutum a Amurka, sauran ƙasashe suka bi. Gwajin da ake yi wa mai ba da jini a asibitocinmu yau jikan wancan layi ne na kan gilashi.

Blumberg bai tsaya nan ba. Shi da Dakta Irving Millman suka lura cewa jinin mai ɗauke da cutar cike yake da ɓawon ƙwayar wanda babu kome a cikinsa, ya fi cikakkiyar ƙwayar yawa nesa ba kusa ba. In aka ware ɓawon aka tsabtace shi aka yi wa mutum allura da shi, jiki zai ƙera makami ba tare da ya kamu ba. Suka nemi rajistar wannan dabara a 1969, aka ba su a 1972. Kamfanin Merck, ƙarƙashin Dakta Maurice Hilleman, ya yi aikin sarrafa ta, aka gwada ta a Niyu Yok, aka amince da ita a 1981. Daga 1986 aka fara yin allurar ta wurin amfani da yis, irin wanda yake kumbura burodi. Ku riƙe wannan da kyau: allurar da ake yi wa 'ya'yanmu yau babu jinin kowa a cikinta.

A 1976 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, tare da Dakta Carleton Gajdusek.

Uwa, jariri da ciwon daji

Tun da daɗewa likitoci a Afirka da Asiya suna mamakin yawan ciwon daji na hanta a wurin samari da magidanta, abin da ba a cika gani a Turai ba. Blumberg ya yi zaton wannan ƙwaya ce sanadi. Shi da abokan aikinsa na Faransa da Senegal suka yi bincike a Dakar cikin shekarun 1970, suka tarar yawancin masu wannan ciwo suna ɗauke da ƙwayar, iyayensu mata ma da yawa haka. Nan aka warware kuskurensa na dā. Abin yana bin gida ne, amma ta wurin kamuwa: daga uwa zuwa jariri sa'ad da ake haihuwa, da kuma tsakanin yara ƙanana ta wurin ƙuraje da rauni da duk abin da ya taɓa jini.

A 1981 Dakta Palmer Beasley ya buga sakamakon bin sawun maza 22,707 a Taiwan. Ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba shi da ita haɗarin ciwon daji na hanta kamar sau ɗari ko fiye. An kuma gane cewa shekarun da mutum ya kamu su ne suke yanke hukunci. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa a jikinsu. Amma jarirai, kusan 9 cikin 10 da suka kamu za su riƙe ta har tsufa, ba tare da wata alama ba, har sai hanta ta taurare ko ta yi daji.

Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984. Yaran da suke ɗauke da ƙwayar suka ragu daga kamar 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, ciwon daji na hanta a wurin yara ma ya ragu ƙwarai. A nan Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara babban aikin gwajin allurar a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukan ƙasashe su sa ta cikin rigakafin yara. Nijeriya ta fara ba da ita a rigakafin yau da kullum a 2004. Ita ce allura ta fari a tarihi da aka tabbatar tana hana wani irin ciwon daji.

Ƙarshen kwanakinsa

Blumberg ya yi tafiye-tafiye da yawa, har ƙasar Sin a 1977, yana roƙon hukumomi su ɗauki gwaji da rigakafi da muhimmanci. Daga 1989 zuwa 1994 ya shugabanci Kwalejin Balliol ta Oksfod, shi ne Ba'amurke na fari da ya riƙe wannan matsayi. Daga baya ya karɓi wani sabon aiki a hukumar binciken sararin sama ta Amurka, NASA, ya yi shi daga 1999 zuwa 2002. A 2002 ya buga littafin da ya ba da labarin farautar wannan ƙwaya. Ran 5 ga Afrilu 2011, jim kaɗan bayan ya gama jawabi a wani taron NASA a Kalifoniya, ya faɗi ya rasu yana da shekara 85. Tun a 2010 ƙasashen duniya suka zaɓi ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ta zama Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. Abokin aikinsa na dā, Harvey Alter, shi ma ya sami lambar Nobel a 2020 tare da mutum biyu saboda gano nau'in C.

Abin da ya rage a hannunmu

'Yan'uwa, aikin bai ƙare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 suna ɗauke da nau'in B, ya kuma kashe kamar miliyan 1.1 a shekarar. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna 8.1 cikin 100 na mutane masu shekara 15 zuwa 64 suna da ita. Wato kamar mutum ɗaya cikin goma sha biyu. In manya 120 suka taru wuri ɗaya, bisa ga wannan lissafi goma cikinsu suna ɗauke da ita, yawancinsu kuwa ba su sani ba.

Abu na fari, jariri. Allurar fari ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a mako na 6 da na 10 da na 14. A ƙauyukanmu mata da yawa a gida suke haihuwa, a kuma jira sai bayan suna kafin a fita da yaro. Wannan jira shi ne ƙofar da ƙwayar take shiga. Maigida, ko a tsakiyar dashen shinkafa matarka ta sauka, ka ajiye aiki a kai jaririn asibiti ran nan. Mace mai ciki kuma ta nemi a gwada ta wurin awo, gama akwai maganin da ake ba uwa domin a kāre ɗanta.

Abu na biyu, reza da allura. Aska ɗaya kada ta taɓa mutum biyu, ko wurin aski ne, ko kaciya, ko ƙaho, ko tsaga, ko huda kunne, ko yankan cibiya. Ka je wurin wanzami da sabuwar rezarka. Kada ka yarda a yi maka allura da sirinjin da ba a gabanka aka buɗe shi ba.

Abu na uku, gwajin aure. Sau da yawa a nan ne saurayi ko budurwa suke fara jin suna da cutar, sai magana ta bazu, a fara zargi. Tarihin Blumberg ya nuna mana cewa a ƙasashe irin tamu yawancin masu ita tun suna yara suka same ta. Gaskiya ne tana bin saduwar namiji da mace, amma samunta a jinin mutum ba shaida ba ce a kan halinsa. Wanda ba shi da ita cikin su biyun yana iya karɓar allura uku cikin wata shida ya sami kariya, 'ya'yansu ma a kāre su tun ran haihuwa. A nemi shawarar likita kafin a rushe alkawari. Ba a ɗaukar ta ta wurin gaisawa, ko cin tuwo kwano ɗaya, ko zama benci ɗaya.

Abu na huɗu, wanda aka gwada aka same shi da ita. Kada ya fid da zuciya. Ba kowa yake bukatar magani ba, amma kowa yana bukatar likita ya riƙa duba hantarsa. Akwai magunguna irin su tenofovir waɗanda ba sa kawar da ƙwayar ɗungum, amma suna danne ta, su rage haɗarin taurarewar hanta da ciwon daji. A Kano akwai likitocin hanta a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya guji giya da burkutu, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da yake cikinsu ba. Ya guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, gama dafin funfunar yana haɗa kai da ƙwayar wajen kawo ciwon daji. Nau'in C kuwa ba shi da allurar rigakafi, amma ana warkar da shi da ƙwayoyin sha cikin kamar mako 12.

A ƙarshe, kada mu haɗa cututtuka. Ruwan noman rani ba ya ba da nau'in B. Abin da shiga ruwan yake kawowa shi ne tsargiya, wadda wani irinta yake zama a hanji ya lalata hanta ya kumbura ciki, tana kuwa da nata magani. Shawarar da take bin ruwan sha marar tsabta ita ma dabam ce, nau'in A ne ko E. Ido ba ya rarrabe su, gwajin jini ne yake rarrabewa.

Dakta Blumberg ya zo ƙasarmu a 1957 da kwalabe yana tambaya me ya sa cuta take kama wani ta bar wani. Amsar da ya samo ta dawo mana, tana nan a ɗakin rigakafi na asibitin da yake kusa da ku. Wanda bai taɓa gwada jininsa ba ya je ya gwada, wanda aka yi wa haihuwa kuma kada ya bari rana ta biyu ta fito. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.